Dokin Sukuwa Da Jakin Fatake: Wane Keke Ya Dace Da Doguwar Tafiya?

Duk wanda ya fita da sassafe ranar Asabar ko Lahadi a wajajen Ikoyi da Lekki cikin Legas, ya kan ci karo da ayarin masu kekuna sanye da hulunan kwano, sun sunkuya bisa kekuna marasa nauyi masu siraran tayoyi, suna sheƙa gudu. Irin waɗannan kekuna an ƙera su ne domin tsere bisa kwalta mai santsi. Yanzu kuwa suna shigowa ƙasar nan cikin kayan gwanjo, har ta kai saurayi mai gadi ko mai shago a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, yana iya tara kuɗi ya mallaki ɗaya.

To, wanda ya ɗanɗana saurin irin wannan keke, ba a daɗewa sai zuciyarsa ta fara raya masa tafiya mai nisa. Yau ya ce zai gwada Shagamu, gobe ya ce Badun, wani ma har ya fara lissafin kwana nawa zai yi kafin ya isa gida. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne ta hanyar mota. Mai yin kilomita 80 zuwa 100 a yini zai kwana goma ko fiye bisa hanya, kuma dole ya ɗauki ruwa, da guzuri, da tufafi, da kayan gyara.

A nan tambaya ta kan taso. Shin mutum ya gyara keken tseren da ke hannunsa ya ɗora masa kaya, ko kuwa ya haƙura sai ya sami keken da aka ƙera musamman domin doguwar tafiya? Wannan gardama tsohuwa ce a wurin masu kekuna na Ingila da Faransa da Amurka, kuma abin da suka koya a kanta zai amfani duk mai niyyar zuba kuɗinsa. Gama kuskure a nan ba asarar kuɗi kaɗai ya kan jawo ba. Ya kan bar mutum tsaye cikin daji da karyayyar ƙafar keke, rana tana faɗuwa.

ASALIN ABIN

Yawon nesa bisa keke ya girmi keken da aka sani yau. A shekarar 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawo da kekuna a garin Harrogate na ƙasar Ingila, wadda daga baya ta shahara da sunan Cyclists' Touring Club, tun 2016 kuma ake kiranta Cycling UK. A 1884 wani Bature mai suna Thomas Stevens ya tashi daga San Francisco ta Amurka bisa tsohon keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar mitsitsiyar ƙafar baya, ya ratsa Amurka, da Turai, da Asiya, bai kammala ba sai a ƙasar Japan cikin watan Disamba na 1886.

Abin mamaki shi ne, giyar keke ma matafiya ne suka riga 'yan tsere karɓarta. Wani Bafaranshe mai suna Paul de Vivie, mazaunin birnin Saint-Étienne, wanda ya rasu a 1930, ya shafe shekaru yana gwada hanyoyin sauya giya domin matafiyi ya iya hawan duwatsu ba tare da ya sauka ya tura ba. Shugabannin babbar gasar tseren kekuna ta Faransa kuwa ba su yarda 'yan tsere su yi amfani da irin wannan giya ba sai a 1937.

Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. Maƙeran keken tsere suka duƙufa wajen rage nauyi da ƙara sauri. Maƙeran keken tafiya suka duƙufa wajen ƙwari da ɗaukar kaya. A Ingila kamfanin Dawes ya fito da samfurin Galaxy a 1971, aka yi ta ƙera shi har zuwa 2020. A Amurka kamfanin Trek ya fito da samfurin 520 a 1983, kamfanin Surly kuma ya fito da Long Haul Trucker a 2004. Amurkawa sun kamu da son abin sosai a 1976, sa'ad da mutum fiye da 4,000 suka fito yawon keke domin bikin cikar ƙasarsu shekara 200 da samun mulkin kai, kimanin rabinsu suka ratsa ƙasar daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, tafiyar mil fiye da 4,000.

Wanda ya hango kekunan biyu daga nesa zai ce iri ɗaya ne, domin sau da yawa dukansu suna da lanƙwasasshen kai irin na ƙahon rago. Amma Bahaushe ya san dokin sukuwa daban, jakin fatake daban, ko da yake kowannensu ƙafa huɗu gare shi.

INDA SUKA BAMBANTA

Bambanci na farko yana cikin firam, watau ƙarafan da suka zama gangar jikin keken. Keken tsere gajere ne. Ƙarfen da ya taso daga gindin feda zuwa tsakiyar ƙafar baya ya kan kasance milimita 405 zuwa 415. A keken tafiya ya kan kai 445 zuwa 460. Wannan ɗan bambanci na kamar yatsa biyu ko uku shi ne ke raba mai jin daɗi da mai shan wuya. Dalili kuwa, kayan matafiyi cikin jakunkuna biyu a kan zuba su, a rataya ɗaya dama ɗaya hagu bisa kariya, kamar yadda a ke ɗora wa jaki mangala. In ƙarfen nan gajere ne, duk juyin feda sai diddigen mutum ya bugi jaka. In kuma ya tura jakunkunan baya domin ya kauce wa haka, nauyi ya koma bayan ƙafa, gaban keke ya yi sakayau, a gangara sai kan keken ya kama rawa. Wanda kan kekensa ya taɓa kama rawa yana cikin gudu, babbar mota kuma tana bayansa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Tsawon firam yana kuma sa keken tafiya ya miƙe sosai bisa hanya, ba ya saurin karkacewa. Keken tsere kuwa an yi shi ne ya amsa da ɗan motsi kaɗan, domin ɗan tsere ya kutsa tsakanin abokan gasa. Zaman ma ba ɗaya ba ne. Ɗan tsere sunkuye ya ke domin ya yanki iska. Matafiyi yana bukatar ya ɗan ɗago, gama zai yini bisa sirdi yau, ya kuma yini gobe, wuya da kafaɗu da tafin hannu su ne ke fara kuka.

Bambanci na biyu taya ce. Tayar keken tsere faɗinta milimita 23 zuwa 28 ne, a kan cika ta da iska har ta yi tauri kamar dutse. Tayar keken tafiya ta kan fara daga 32 ta haura 40. Taya mai faɗi tana shanye girgiza, tana jure rami da tsakuwa, ba ta saurin nutsewa cikin yashi. Siririyar taya in ta faɗa rami da kaya a bisa, sai bakin rim ya matse tif ya huda shi wuri biyu a jere, kamar saran maciji. Wanda ya san hanyoyin ƙasar nan ya san kuma mai keke ba kullum ya ke samun tsakiyar kwalta ba. Sau da yawa tirela ce za ta kore shi gefe, inda kwalta ta gutsure.

Bambanci na uku wayoyin ƙafa ne, watau siraran ƙarafan nan da suka haɗa rim da cibiyar ƙafa. Keken tsere na zamani ya kan zo da waya 20 zuwa 28 a ƙafa ɗaya, keken tafiya kuwa 32 ko 36. Ƙafar baya ita ce ke ɗauke da yawancin nauyi, kuma wayoyin da ke gefen giya sun fi ɗaurewa, saboda haka can suka fi tsinkewa. Wurin kuwa shi ne mafi wuyar gyara, domin sai an kwance haƙoran giyar baya dukansu kafin a zura sabuwar waya, abin kwance su kuma ba kowane mai faci ke da shi ba. Ƙafa mai waya 36 in ɗaya ta tsinke, a kan lallaɓa a kai gari. Mai waya 20 in ɗaya ta tsinke, rim ya kan karkace har ya riƙa gugar robar birki, tafiya ta tsaya ke nan.

Sauran bambancin ƙanana ne a ido, amma suna da muhimmanci. Keken tafiya yana zuwa da ramukan noti a gindin firam da jikin fok domin ɗaura kariya gaba da baya, da wurin ɗaura abin tare laka, da wurin gorar ruwa har uku. Yawancin kekunan tsere ba su da waɗannan ramuka sam. Nauyi kuma, keken tsere kilo 7 zuwa 9 ne, hukumar tseren kekuna ta duniya ma sai da ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada keken gasa ya kasa kilo 6.8. Keken tafiya ya kan kai kilo 13 zuwa 15. Amma fa wanda zai ɗora kaya kilo 20, ga nauyin jikinsa kilo 65 ko 70, bambancin kilo 5 ba shi ne zai hana shi isa ba.

GIYA DA HAWAN TUDU

Zancen giya yana bukatar ɗan lissafi, amma ba mai wuya ba ne. A ƙirga haƙoran faifan gaba inda feda ta ke, a raba da haƙoran baya inda sarƙa ta hau. Abin da ya fito shi ne sau nawa ƙafar baya ke juyawa in an juya feda sau ɗaya. Ƙafar keke kuwa ta kan ci kimanin mita 2.1 a juyi ɗaya.

Tsofaffin kekunan tsere, irin waɗanda suka fi yawa cikin gwanjo, ƙaramin faifansu na gaba haƙora 42 ne, babban na baya kuma wajen 24. Watau ko a giya mafi sauƙi, juyin feda ɗaya yana tura keke kimanin mita 3.7. Na zamani masu haƙora 34 gaba da 28 baya suna tura shi kimanin mita 2.5. Keken tafiya kuwa, mai faifai uku a gaba, ƙaraminsu 26, da 34 a baya, mita 1.6 kacal ya ke turawa. Ma'anar wannan ita ce, a kan tudu ɗaya da kaya ɗaya, mai tsohon keken tsere sai ya taka feda da ƙarfin da ya ninka na mai keken tafiya fiye da sau biyu.

A fili mai shimfiɗa ba a ganin amfanin wannan. Sai an zo tuddan Badun, ko hawan Milliken na Inugu, ko Hawan Kibo a hanyar Jos, sa'an nan a ke gane shi. Mai giya mai tauri ko dai ya sauka ya tura keke da kaya, ko ya dage ya taka da ƙarfi. Mai dagewa kuwa gwiwarsa ce za ta biya, ciwon gwiwa kuma shi ne ya fi kome saurin kashe doguwar tafiya. Ga kuma iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, saboda haka mai tafiya gida daga Kudu a wannan lokaci sau da yawa gaba da gaba zai yi da ita, jakunkunan gefe kuma suna tare iska. A irin wannan rana giya mai sauƙi tana da amfani ko ba tudu.

ABIN DA A KE IYA GYARAWA

Ba a ce keken tsere ba ya gyaruwa ba. Akwai abubuwa da yawa da bakanike mai hankali zai iya sauyawa. A kan sa haƙoran baya masu girma, 32 ko 34, ko da yake sau da yawa sai an sauya abin sauya giyar baya da mai dogon hannu, an kuma sa sarƙa mai tsawo. A kan sake ɗaura ƙafar baya da rim mai ƙwari da waya 32 ko 36. A kan ɗaga kan keke, a sauya sirdi, a sa taya mafi faɗi da firam zai yarda, mai kauri kuma wadda ƙaya ba ta saurin hudawa. In firam na ƙarfe ne ko na alminiyam, a kan ɗaura kariya da wasu ƙananan maɗaurai masu roba a ciki. Akwai kuma kariyar da a ke maƙalawa a sandar sirdi, amma ita ba ta wuce ɗaukar kilo 9 ko 10, alhali kariyar sosai ta kan ɗauki kilo 25.

Abu biyu ne ba su gyaruwa ko nawa aka kashe. Na ɗaya tsawon firam. Na biyu filin da ke tsakanin taya da firam da birki. Yawancin kekunan tsere masu birkin roba ba su karɓar tayar da ta wuce milimita 28, wasu ma 25. Sababbi masu birkin faifai sun fi fili, da yawansu suna karɓar 32 ko fiye. Saboda haka kafin mutum ya sayi ko noti ɗaya, sai ya fara duba wannan fili. In da ƙyar ƙaramin yatsa ke shiga tsakanin taya da ƙarfe, to, babu wurin taya mai faɗi, a damina kuma laka za ta toshe wurin.

Akwai gargaɗi na musamman game da firam na kabon, watau wani abu mara nauyi da a ke haɗawa daga zare da danƙo, wanda a ke yin kekunan tsere masu tsada da shi. Kabon yana da ƙarfi ta fuskar da aka tsara shi, amma ba ya son a matse shi da maɗauri. Ya kan tsage ta ciki ba tare da an gani ba, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. Ƙarfe shi ne ke lanƙwasa ya ba da sanarwa, kuma ko ya tsage, mai walda na bakin kasuwa yana iya liƙe shi mutum ya kai gari na gaba. Alminiyam sai walda ta musamman. Wannan shi ne dalilin da ya sa har yau yawancin kekunan doguwar tafiya da ƙarfe a ke yin su.

Sai a yi lissafin kuɗi tun da wuri. Sabuwar ƙafar baya, da haƙora, da abin sauya giya, da sarƙa, da taya biyu, da kariya, da sirdi, da ladan bakanike, in aka tara su wani lokaci sun kai kuɗin wani keken gwanjo sukutum. Bayan an kashe kuɗin kuma, firam yana nan gajere yadda ya ke. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

MUTUM ƊAYA, KEKE IRI BIYU

Labarin Mark Beaumont, mutumin Sikotilan, ya nuna yadda zaɓin ya ke. A watan Agusta na 2007 ya tashi daga Faris shi kaɗai bisa keken doguwar tafiya na kamfanin Koga, da jakunkuna gaba da baya, da tanti. Ya zagaya duniya, mil fiye da 18,000, ya komo Faris a watan Fabrairu na 2008 bayan kwana 194.

A 2015 mutumin nan ya so ya ratsa Afirka daga Alƙahira zuwa Cape Town cikin gaggawa. Wannan karon keken kabon irin na tsere ya hau, babu kariya, sai 'yan ƙananan jakunkuna masu laushi da a ke ɗaurewa da maɗauri a ƙarƙashin sirdi da cikin firam da kan keke. Ya yi tafiyar, kilomita fiye da 10,000, cikin kwana 41 da 'yan sa'o'i, watau wajen kilomita 260 kowace rana. A 2017 ya sake zagaya duniya cikin kwana 78 da awa 14 bisa keken tsere, amma da motoci a bayansa ɗauke da abinci da wurin kwana da makanikai.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da ya hau keken tsere, sai da ya fara rabuwa da kaya. Haka 'yan gasar ratsa nahiyar Turai su ke yi, gasar da aka fara a 2013 daga Landan zuwa Istanbul. Kekunan tsere su ke hawa, kayansu kuma 'yan kilo kaɗan ne. Jakar ƙarƙashin sirdi ta kan ci lita 10 zuwa 17, alhali jakunkunan kariya biyu suna cin lita 40. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da keken tsere, watau a rage kaya har su yi daidai da keken.

Wasu matafiyan kuma ƙwari suka zaɓa bisa kome. Dervla Murphy, 'yar ƙasar Ailan, ta tashi cikin tsananin sanyin Janairu na 1963, ta bi ta Turkiyya, da Iran, da Afganistan, da Pakistan, har Delhi ta Indiya. Kafin ta tashi sai da ta sa aka cire wa kekenta giya, domin ta rage abin da zai lalace inda babu mai gyara, ta kuma aika da tayoyi gaba ta gidan waya su jira ta a hanya. Heinz Stücke, Bajamushe, ya bar garinsu a 1962, ya yi shekara fiye da 50 yana yawon duniya, kilomita fiye da 600,000, yawancinsu bisa wani keken ƙarfe mai giya uku da ya kai kilo 25.

TAYAR DA A KE SAMU A ƘAUYE

Dabarar Dervla Murphy ta aika taya gaba tana da darasi ga mai tafiya a ƙasar nan. Ƙafafun kekuna ba girma ɗaya ba ne, kuma sunayensu suna ruɗarwa. Kekunan tsere da yawancin kekunan tafiya na Turai suna da rim mai faɗin milimita 622, wanda a ke kira 700C. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 milimita 630 ne. Baƙin keken nan na gargajiya mai inci 28 milimita 635 ne. Keken hawan dutse mai inci 26 kuma 559. Babu tayar ɗaya da ke hawa rim ɗin wani, ko da bambancin milimita 5 ne. A gefen kowace taya an rubuta lambar, sai mai saye ya karanta.

Mai facin kekuna a ƙauyen bakin hanya abin da ya fi ajiyewa shi ne kayan kekunan da mutanen ƙauyen ke hawa, watau inci 28 da inci 26. Siririyar tayar tsere sai a manyan birane. Ko bawul ɗinta daban ne, siriri ne mai ɗan noti a kai, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan abin haɗi. Wanda zai bi hanya da irin wannan keke dole ya ɗauki famfonsa, da tif biyu ko uku, da taya guda, da kayan faci, da wayoyin ƙafa daidai tsawon nasa. Haka nan birkin faifai mai aiki da mai yana da kamu ƙwarai, amma in ya yoye a hanya gyaransa sai gwani. Mai aiki da waya kowane bakanike ya san kansa.

Wannan ya kawo zancen hanya ta uku, wadda matafiya masu ƙaramin ƙarfi a ƙasashe da yawa suka daɗe suna bi. Ita ce a nemi tsohon keken hawan dutse na ƙarfe, irin na shekarun 1990, wanda ba shi da sifirin a gaba ko a baya. Irin wannan keke yana da dogon firam, da ƙafa inci 26 mai waya 32 ko 36, da faifai uku a gaba, da fili na taya mai faɗi, da yawansu kuma suna da ramukan ɗaura kariya. Abin da ya rage kawai a cire masa tayoyin nan masu ƙuraje a sa masu santsi, a ɗaura kariya, a gyara sirdi. Cikin gwanjo ya kan fi keken tsere sauƙin kuɗi, domin ba shi da ƙyalƙyali.

Shi kansa baƙin keken gargajiya, irin su Raleigh da aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Phoenix, ya fi keken tsere kusa da keken tafiya. Dogo ne, ƙarfe ne, kariyarsa tana ɗaukar buhu, kayan gyaransa suna ko'ina. Illarsa nauyi, da rashin giya, da birkin sanda wanda ba ya kamu sosai in ruwa ya jiƙa rim. A ƙasa mai shimfiɗa kamar tsakanin Zariya da Kano ba shi da laifi. A ƙasar tuddai sai mai shi ya shirya turawa.

YADDA ZA A YANKE SHAWARA

Mai son ya san wanda ya dace da shi, sai ya tara duk abin da zai tafi da shi, har da ruwa, ya kai wa mai sikeli a kasuwa. A tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mai taka keke cikin zafin ƙasar nan kuwa lita da yawa ya ke sha a yini.

In kayan ba su wuce kilo 7 ko 8 ba, hanyar kwalta ce mai kyau, tafiyar ta kwana biyu ko uku ce, kuma akwai masauki a kowane zango, ko gidan ɗan'uwa ko wajen Sarkin Hausawan garin, to, keken tseren da ke hannu ya isa. A sa masa taya mafi faɗi da zai karɓa, a sassauta giya, a ɗaura jakunkuna masu laushi. In kayan sun kai kilo 15 ko 20, tafiyar ta mako biyu ce, hanyar kuma ba a san halinta ba, to, kada a wahalar da dokin sukuwa. A nemi keken tafiya in da hali, in babu a nemi tsohon keken hawan dutse. Sayar da keken tseren ma ya kan biya kuɗin wancan har da na kariya.

Kowanne aka zaɓa, kada a fara da babbar tafiya. A ɗora kayan duka a yi gwajin yini guda, a hau tudu, a gangara, a taka birki da ƙarfi a ga yadda keken zai yi, gama keke mai kaya ba ya tsayawa inda marar kaya ke tsayawa. Bayan gwajin a bi notuna ɗaya ɗaya da sifana, musamman na kariya, domin girgiza tana kwance su. A sa fitila gaba da baya da riga mai haske, a kuma daina tafiya kafin magariba. Kamar yadda kowa ya sani, akwai hanyoyin da ba su da lafiya saboda 'yan fashi da masu satar mutane. Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin halin hanya a kowane mako, sai a tambaye su kafin a tashi daga kowane zango. In sun ce wuri ba ya biyuwa, keke yana shiga bayan mota, a sauke shi a gari na gaba a ci gaba da tafiya.